Jirgin Baba Sallau da Buhun Yashi

"Ki tsayar da injin nan, zan hau," in ji saurayin, yana miƙa wa abokinsa hularsa.

"Ba zan tsayar ba," Raudatu ta ce. "Kuma ba za ka hau ba."

Ranar ƙaramar Sallah ce da hantsi, a filin da ke bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro. Lilon mahaifinta yana ta juyawa: jirage takwas da aka yanka daga gangunan mai, aka shafa musu fenti ja da shuɗi, kowanne da yaro a ciki yana ihu. Mahaifin nata, Baba Sallau mai walda, shi ne ya ƙera shi da hannunsa, injin tsohon babur ke jan sa. Duk Sallah Raudatu takan baro jami'a a Maraɗi ta zo ta tsare ƙofa.

Ta nuna masa wani ƙarfe da aka kafa, mai jan zane a jiki. "Wanda ya wuce wanga layi ba ya hawa. Kai kuwa ka wuce shi tun kafin a haifi waɗanga yara."

Abokin, wanda ke riƙe da salula yana ɗauka, ya fashe da dariya. "Ba ki san shi ba? Zakiru ne fa, na Mu Hau Mu Gani."

Ta san shi sarai. Shi ne ɗan Dakoron nan da ke yawo wuraren wasa na Yamai da Maraɗi da Damagaram, ya hau kowane lilo yana salati da kiran innarsa, in ya sauko ya ba wurin goro, daga ɗaya zuwa biyar. Ƙawayenta na jami'a sukan taru a kan salula ɗaya su yi dariya har da hawaye.

"Ni na san shi," ta ce. "Layin ne bai san shi ba."

Zakiru ya kalle ta, ya kalli layin, ya sara mata kamar soja. "An ji, Kwamanda. Mamani, kashe abin nan, an kore mu."

Amma bai tafi ba. Ya tsaya yana ɗaga ƙananan yara yana sa su cikin jirage, yana yi musu muryar matuƙi. Raudatu ta yi ta matse bakinta. Da ya gaya wa wata ƴar shekara huɗu cewa jirginta zai sauka Makka amma sai ya biya Birnin Lalle ya sha ruwa, dariyar ta kuɓuce mata.

Da la'asar saƙonsa na farko ya shigo.

"Kwamanda, na hau lilo arba'in a ƙasar nan, babu wanda ya juya mini kai kamar wanda aka hana ni hawa."

Ta bar shi har washegari kafin ta amsa.

"Mai surutu, ka sha ruwa ka zauna inuwa, zai wuce."

Bai wuce ba. Da ta koma Maraɗi ya riƙa zuwa bakin jami'a da kilishi a takarda, su zauna a ƙarƙashin dalbejiya. A can ta gane cewa in babu salula a gabansa, Zakiru mutum ne mai sauraro. Ta ba shi labarin yadda Baba ya shekara uku yana tara gangunan, yadda ya fara da jirgi ɗaya tal da ya yi mata tana ƴar shekara shida, ya rataye a bishiyar bedi ta tsakar gida.

"To ke ce fasinja ta fari," ya ce.

"Ni ce. Kuma sai da ya sa buhun yashi ya juya shi kwana uku kafin ya bar ni na shiga."

"Rauda, in na zo wurin Baba da maganarki, ni ma buhu zai ɗora mini?"

"Biyu," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Da maganar ta isa gida, Baba Sallau bai ɗaga murya ba. Ya ajiye gilashin walda a kan benci, ya ce, "Ɗiyata, mutum ya kwana yana aiki, wani ya zo ya yi mashi dariya, ya kira wannan sana'a. Mi za ki ci a gidan irin wanga?"

"Baba, ba mugu ba ne."

"Ban ce mugu ba ne. Na ce abin da yake ci da shi ke nan."

Inna Dela ta sa baki daga bakin murhu. Ga Abdurrazak, ɗan yayanta, mai fataucin raguna, shekara biyu yana zuwa gaisuwa, bai taɓa sa kowa a salula ba. Raudatu ta ce Yaya Abdurrazak yayanta ne, kuma haka zai zauna.

Ita ce ta kawo dabarar. Ta ce wa Baba ya bar Zakiru ya zo ya ɗauki lilon kafin Sallar layya, duniya ta ga aikin hannunsa, shi kuma ya ga halin yaron da idonsa. Kwana huɗu tana roƙo. A na biyar Baba ya ce, "Don ke."

Jajibirin Sallah da sassafe Zakiru da Mamani suka iso filin. Suka tarar da Baba yana abin da yake yi duk ranar da za a juya lilo: yana sa buhun yashi a kowane jirgi, kowane buhu ya fi yara biyu nauyi, sannan ya sake wa injin gudu fiye da yadda ake yi wa yara. Suna cikin ɗauka, sarƙar jirgi na biyar ta tsinke. Jirgin ya daki ƙasa, ya wuntsila, yashi ya watse.

Baba ya kashe injin, ya ce, "Alhamdu lillahi. Don haka ake sa buhun." Ya canza sarƙar, ya bi sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya sake juyawa har rana ta take. Zakiru ya riƙe masa ƙarfe, ya ci tuwo a gidansu, Inna ma har ta ƙara masa miya.

Da zai tafi ya tura mata: "Kwamanda, yau na ga inda kika gado taurin kai. Gobe duniya za ta san Baba."

Duniya kuwa ta san shi.

Bayan an sauko daga Idi, filin ya cika da yara, sai Abdurrazak ya ratso taron da salula a hannu. Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ƙanwata, ki gani kafin Baba ya gani."

Sunan bidiyon Jirgin Dakoro Ya Yi Saukar Gaggawa. An nuna jirgi na biyar yana faɗuwa, an maimaita sau uku, a hankali. An yanke hoton ta yadda ba a ganin buhun. A daidai inda ya daki ƙasa, an sa kukan yaro. Sai fuskar Baba, yana cewa "Alhamdu lillahi," aka datse sauran maganar. Daga nan Zakiru ya fito, ya ɗaga goro ɗaya, ya gutsuri rabi, ya ce rabin ya isa.

Ta gangara ƙasa inda mutane ke rubutu.

"Wayyo cikina! Tsoho ya kayar da ɗan mutane yana godiya ga Allah."

"Na kalla sau goma. Zakiru ba ka da dama."

"Ina iyayen yaron? A kama tsohon nan."

"Baba Saukar Gaggawa, a ba shi filin jirgin Yamai ya riƙe."

"Ni ƴar Dakoro ce, jiya na yi niyyar kai ƴaƴana. Allah ya tsare."

Raudatu ta ɗago kai. Wata mata tana fizgo ɗanta daga layi. Wata ta bi ta. Kafin azahar jirage takwas suna juyawa da yara biyu, kafin la'asar babu ko ɗaya. Baba ya karɓi salular Abdurrazak ya kalla har ƙarshe. Bai kalli ɗiyarsa ba. Ya kashe injin, ya lulluɓe shi da buhu, ya tafi masallaci. Wasu samari a bakin hanya suka kira sabon sunan, suka tuntsire.

Zakiru ya zo da gudu, ya same ta ita kaɗai tana naɗe igiyar ƙofa.

"Rauda, Mamani ne ya haɗa. Shi ya sa kukan yaron, wallahi ba ni ba."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ji kukan kafin a saka shi?"

Ya duƙa zai taya ta naɗe igiyar.

"Zakiru."

"Na ji," ya ce a hankali. "Na ce mashi ya yi yawa. Ya ce ba mu taɓa samun irin wanga ba. Na ɗauka mutane za su gane wasa ne. Kowa ya san ni da wasa."

"Ka ci tuwon Inna. Ka riƙe wa Baba ƙarfe. Kana tsaye ya ce don haka ake sa buhun." Ta ja igiyar ta ƙulle. "Ni na kawo ka. Kwana huɗu ina roƙon shi."

"Zan goge shi yanzun nan."

"Ka goge daga salular wa? Ya riga ya shiga kowane gida. Ka sa shi yadda aka ɗauka, tun daga buhun fari, ka faɗa da bakinka cewa ƙarya ka yi. Ba kuskure ba. Ƙarya."

"Rauda, in na faɗi haka na kashe shirin."

"To ka zaɓa," ta ce, ta ɗauki igiyarta.

Bai zaɓa ba. Ya goge bidiyon, ya rubuta cewa an samu rashin fahimta. Ya riƙa turo mata saƙo.

"Kwamanda, na goge. Ki yi mini magana ko zagi ne."

"Rauda, ki zo mu yi wani tare, ki yi dariya a ciki, mutane za su huce."

Sau ɗaya ta amsa: "Ba ni da dariyar da zan ara maka."

A gida kuma wata wutar ce. Baba ya ce ya gama, zai yanka jiragen ya yi murhu da su. Ya ce kuma ya ba Abdurrazak ita, tunda nata zaɓin ya nuna kansa.

"Baba, na yi kuskure, kuma ni zan ɗauke shi," ta ce, tana durƙushe. "Amma ba zan auri Yaya don in huce haushin wani ba. Bai cancanci haka ba. Kuma jiragen nan ba za a yanka su ba."

"Wa zai hau?"

"Inda ba a yarda da salula ba, za a yarda da ido."

Da lokacin komawa jami'a ya yi, ba ta koma ba. Ta nemi mai kamiyo, wato babbar motar kaya, aka kwance lilon aka ɗora, Baba ya bi ta. Ta bi kasuwannin ƙauye, Birnin Lalle, Bader Goula, har rugagen da ke gaba. Ko'ina suka sauka, bidiyon ya riga su isa. Sai ta tara iyaye, ta ba su shebur su cika buhunan da kansu, su ɗaura, su tsaya su ga an juya. Wata rana a samu yara ashirin, wata rana shida. A Bader Goula wani dattijo, Rhissa, ya ɗaga buhun ya ji nauyinsa, ya zagaya lilon sau biyu yana jan kowace sarƙa, sannan ya sa jikarsa da hannunsa. Baba ya juya baya ya daɗe yana goge injin da ba shi da datti.

Rana ta ƙona ta, tafin hannunta ya yi kanta. Ƙawayenta suna turo mata hoton allo da jarrabawa. Wata ta rubuto: "Ke dai girman kai zai kashe ki. A kan wasa kin bar karatu." Ta karanta, ta mayar da salular cikin jaka, ta ci gaba da ɗaurin buhu.

Abdurrazak ne ya fara janyewa. Ya same ta a tasha, ya ce, "Ƙanwata, na gaya wa Baba na haƙura. Wadda ta iya bin kamiyo wata biyar don kada ta ce i, ba ni zan sa ta faɗa ba."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Ba ki yi mini komi ba. Wancan sakaran ne ya yi mana duka."

A wata na bakwai bayan Sallar, suna Dakoro, Inna Dela ta shigo ɗaki da salular maƙwabciya. "Ke, zo ki ga mai surutunki. Ya rame."

Zakiru ne zaune a kan tabarma, babu hula, babu goro. Ya ce, "Sunana Zakiru. Na yi wa Malam Sallau na Dakoro ƙarya. Babu yaro a jirgin nan, buhun yashi ne. Kukan da kuka ji, mu muka sa shi, kuma na sani kafin a saka. Ga abin yadda ya faru." Sai hoton ya fara tun daga buhun fari, minti goma sha ɗaya, babu kiɗa, har inda Baba ya ce don haka ake sa buhun.

Raudatu ta gangara ƙasa.

"Ina dariyar? Mun zo dariya an ba mu wa'azi."

"Mace ta juya shi. Wai ɗiyar tsohon ce."

"Minti goma sha ɗaya? Wa ke da lokaci."

"Ashe maƙaryaci ne. Sauran ma ƙarya ce ke nan. Na fita."

"Allah sarki Baba. Ni na tura wa mutane na farkon. Allah ya yafe mini."

Mamani ya raba gari da shi a ranar, ya buɗe nasa shirin, yawancin masu kallo suka bi shi.

Saƙon Zakiru ya zo bayan kwana biyu.

"Raudatu, na makara wata bakwai. Tsoro ne ya riƙe ni, ba wani abu ba. Ban yi don ki dawo ba, ko da yake ina so. In kin ce kada in sake rubutowa, ba zan sake ba."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar Sallah. Sannan ta rubuta:

"Ba ni ka fara yi wa laifi ba. Ka san ƙofar shagon Baba."

Ya je. Baba yana walda, bai ɗago ba. Zakiru ya durƙusa a cikin baƙin ƙasar shagon har Baba ya gama ƙofar da yake haɗawa, ya fara wata. Da aka kira azahar Baba ya wuce shi ya tafi masallaci. Washegari Zakiru ya dawo. Rana ta huɗu Baba ya cire gilashi, ya ce, "Mi kake so?"

"Gafara, Baba."

"Na yafe tun ranar. Ba don kai ba, don in samu barci. Sai mi?"

Baba ya dube shi, ya ci gaba.

"In ɗiyata ce, ni ba ni da ta cewa. Na ba da ita sau ɗaya ta ƙi. Je ka tambaye ta. Amma ka sani, in ka sake sa ta kuka, ba ni za ka ji tsoro ba."

Ya same ta a zaure. Ta bar shi tsaye.

"Rauda, ba ni da shiri yanzu. Ina ɗaukar hoton biki da suna, shi ke nan."

"Na ji."

"Har yanzu ina son ki. Ban san ko ya rage wani abu a wurinki ba."

"Ya rage," ta ce. "Shi ya fi ba ni haushi. Na yi ta neman in tsane ka a kan hanyar Bader Goula, rana tana dukana, ban iya ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Amma ka ji ni da kyau. Ba zan manta ba. Duk ranar da dariyar mutane ta fi maka mutumin da ke gabanka, ka gaya mini da wuri in kama hanyata."

"Ba za ta sake fi ba."

"Za mu gani. Zauna, ka tsaya mini a kai kamar mai tsaron jarrabawa."

Bayan damina aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baba Sallau. Abdurrazak ne ya kawo ragon walima, ya ce wa ango in ya kuskura ya ba naman goro ɗaya sai ya mayar da shi kasuwa. Inna Dela ta yi ta kuka tana dariya. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta.

"Allah ya yi maki albarka, ɗiyata," ya ce. "Kin tsaya inda ni na zauna. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku ƴaƴa masu jin magana fiye da uwarsu."

Mata suka ɗauki guɗa, kowa ya ce amin.

Raudatu ta shiga gidan mijinta da farin ciki, kuma ta san abin da ta biya. Shekara guda ta karatu ta tafi, ƙawayenta sun wuce ta aji ɗaya, biyu daga cikinsu ba sa gaishe ta. A Dakoro har yau akwai iyayen da ba sa barin ƴaƴansu su matso kusa da lilon, akwai samarin da ke kiran Baba da wancan sunan in ya ba da baya. Bidiyon ƙarya mutum dubu ɗari huɗu suka kalla, na gaskiya bai kai dubu tara ba. Da za a mayar da ita ranar, abin da ta yi shi za ta sake yi, amma ba za ta taɓa cewa kyauta ta same shi ba.